Shagon da Ya Buga Mana Littafin Tunawa da Habboba a Gadarif

Akwatin ƙarfe ne mai koren fenti, irin wanda ake yi wa amare a da, kuma shi kaɗai kakata ta yarda a ɗora mata a cinya ranar da muka fito daga Wad Madani da ke ƙasar Sudan a watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya iso garin. Mun bar gadaje da keken ɗinki da buhunan dawa, amma ta ce akwatin nan ƙafarta ƙafarsa. Ta rasu a Gadarif a daminar da ta biyo baya, a ɗakin da dangin kakanmu suka ba mu aro, kuma sai da aka yi kusan wata goma kafin wani daga cikinmu ya sami ƙarfin zuciyar ɗaga murfinsa. A ciki muka tarar da hotuna arba'in da bakwai, da takardun shaidar koyarwa, da littattafan shirin darasi da ta cika da hannunta, da wasiƙu, da kaset shida, da Littafi Mai Tsarki guda biyu, ɗaya na Larabci ɗaya na Hausa. Baffana da ya koma ya duba gidanmu bayan an sake buɗe hanyar Madani a farkon 2025 ya dawo ya ce bango kawai ya rage, don haka abin da ke cikin akwatin shi ne dukan abin da ta bari.

Da cikar shekara ta matso, gwaggona ta kawo shawarar a haɗa ɗan littafi da za a raba wa mutane ranar addu'ar tunawa da ita, a kuma ceto muryoyin da ke cikin kaset ɗin tun ba su lalace ba. Ni aka ɗora wa aikin, kasancewar ni ne na fi kowa iya rubutun boko a gidan. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ta kaya tsakanina da shagon da ya yi mana aikin, domin na san gidaje da yawa na waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gadarif da Kasala da Fot Sudan suna da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado, kuma damina ba ta jiran kowa ya gama makoki. Ba zan faɗi sunan shagon ba, saboda akwai kuskuren da zan ambata wanda ba na so ya zame wa wani yaro tabo, amma duk wanda ya san layin masu kwafin takardu da ke gefen babbar kasuwa zai gane shi da tsofaffin rakodoji uku da aka jera a kan kanta.

Dole in fara da ita, domin ba za a gane inda shagon ya yi daidai da inda ya kauce ba sai an san matar da ake magana a kanta. Habboba muke kiranta, kamar yadda ake kiran kaka a duk faɗin Sudan, mutanen unguwa kuwa Malama suke cewa. Ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa. A duwatsun Nuba aka haife ta, kusa da Heiban, inda mishan ɗin Sudan United Mission ya kafa tasha a 1920, kuma masu karatu daga Najeriya za su so su san cewa mishan ɗin nan ne dai ya fara aiki a Wase a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm. A makarantar mishan ta koyi haruffan Rumawa tun kafin ta koyi na Larabci, daga baya ta wuce kwalejin horar da malamai mata ta Omdurman, wadda aka buɗe tun 1921, aka tura ta koyarwa a Jazira. A can ta haɗu da kakanmu, Bahaushen da iyayensa suka biyo hanyar aikin hajji daga ƙasar Kano, suka tsaya noman auduga a gandun Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, tsayawar da ta zama zama. Ya aure ta tana Kirista, ta mutu tana Kirista, 'ya'yanta da jikokinta duka Musulmi ne, kuma ban taɓa jin an ɗaga murya a gidanmu a kan wannan ba.

Ta koyar da 'yan mata tun zamanin da firamare take shekara huɗu, ta ga an mayar da ita shida a 1970, ta ga an mayar da ita takwas a farkon shekarun 1990, kuma kowane sauyi yana da littafin shirin darasinsa a cikin akwatin. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ita ce ta koya mana rubuta Hausa da boko. Hausawan Sudan da yawa suna jin harshen kamar jakin Kano, amma karatunsu na Larabci ne, ita kuwa da wasu ɗalibai 'yan Najeriya suka ba ta kyautar Littafi Mai Tsarki na Hausa sai ta gane haruffan ƙuruciyarta a ciki, ta zauna ta laƙanci ƙa'idar, ta riƙa tara mu a ƙarƙashin rumfa bayan la'asar tana ba mu shifta. Jan alƙalaminta bai taɓa yafe wa harafin da aka manta wa lanƙwasa ba. Idan muka dawo daga makarantar allo muna tilawa, tana daga kicin za ta ce, “Ni ba malamar wannan karatu ba ce, amma kunnena ya ji tuntuɓe, a sake.” Ni kuma maigida take kirana, kullum tana ƙorafin cewa ban ba ta kuɗin cefane ba.

Mai shagon, wanda nake kira Baba Alhaji, dattijo ne ɗan Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma ya shafe shekaru yana aikin hoto a Omdurman kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kore shi shi ma. Ranar farko da na kai akwatin bai yi maganar kuɗi ba sai da ya wanke hannunsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa yana rubutawa a littafi, sannan ya kwafe jerin a wata takarda ya sa hannu ya ba ni. Wannan abu ƙarami ne a ido, amma wanda ya miƙa wa baƙo abin da ba shi da na biyu a duniya ya san nauyinsa. Hotuna goma sha ɗaya sun manne da juna saboda laima, domin ɗakin da muke zaune yana yoyo, kuma ruwan Gadarif idan ya sauka a kan baƙar ƙasarta ba ya tafiya da wuri. Na kai hannu zan ɓamɓare su, sai ya riƙe mini hannu ya ce, “Ɗana, in ka ja, fuskar wani za ta koma bayan wani, kuma ba ni da dabarar dawo da ita.” Ya ɗauki kwana huɗu yana raba su da siririyar wuƙa, ya ceto tara, biyu suka tafi, kuma ya nuna mini ragowar biyun maimakon ya jefar ya ce dama haka adadinsu yake.

Tambayar da ya yi mini bayan ƙirga ita ce ta sa na yanke shawarar barin aikin a wurinsa. Ya ga littattafan biyu, ya dube ni, ya ce, “Marigayiyar wane addini take bi?” Da na faɗa masa, sai ya ce ya tambaya ne saboda duk samfurin sanarwar rasuwa da ke cikin kwamfutarsa ayoyin Alƙur'ani ne a samansa, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mace kalmomin da ba ta zaɓa ba, ko a ɗora wa ayar wurin da ba nata ba. Ya ce ya sha buga wa Habashawa takardun coci, tun ma bayan da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba a 2020 mutanen Tigray suka cika garin, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya zaɓa wa Kirista nassi, sai dai a je wurin fasto a rubuto a kawo masa. Haka na yi, faston cocin da take zuwa a watanninta na ƙarshe ya rubuto Zabura ta 23 da Larabci, ni kuma na kwafo ta Hausa daga nata littafin, inda ta ja layi a ƙarƙashinta da jan alƙalamin nan.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Ya raba aikin gida uku, na kaset daban, na hotuna daban, na bugu daban, kuma ya ce farashin bugun mako guda kawai zai tsaya a kai, domin takarda daga Fot Sudan take zuwa, darajar fam kuwa kowa ya san halin da take ciki. Na biya rabi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a ranar, ya sayi takardar nan take ya ajiye da sunanmu, saboda haka tashin farashin da aka yi daga baya bai shafe mu ba. Gaba ɗaya abin da muka kashe ya yi kusan kuɗin matsakaicin rago, kuma na tambaya a shaguna biyu na kusa na ji nasu ya ɗan yi ƙasa, sai dai babu mai taɓa kaset a cikinsu.

A aikin kaset ɗin ne na ga gwanintar da ta sa nake rubuta wannan sharhi. Baba Alhaji bai sa ko ɗaya a rakoda ba sai da ya kwance sukurorin kwanson, ya duba zaren, ya share farar hunhunar da ta hau gefen biyu daga ciki, sannan ya juya kowanne da biro daga farko zuwa ƙarshe a hankali domin zaren da ya shekara talatin a naɗe ya saki jikinsa. Ɗaya ya tsinke a tsakiya, ya yanke bakin biyu a karkace ya haɗa su da siririn salatif ta baya. Wani kuma ɗan auduga da ke danne zaren a kan kan rakoda ya faɗi, ya ciro na wani tsohon kaset ya manna. Ya bayyana mini cewa ba a gaggauta kwafin kaset, idan na minti sittin ne to minti sittin za a zauna, kuma sau ɗaya yake son ya wuce da tsohon zare ta cikin na'ura, don haka sai ya tabbata akwai wuta a batirin sola kafin ya danna. Ya ba mu kowane sauti iri biyu, babban fayil da ba a matse ba domin ajiya, da ƙarami na MP3 domin turawa ta waya, ya kuma gargaɗe ni kada in ɗauki wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin na asali.

Huɗu daga cikin kaset ɗin wasiƙu ne na murya, irin waɗanda iyaye suke aika wa 'ya'yansu da ke aiki a Saudiyya a shekarun 1980, lokacin da waya ba ta kowane gida ba ce. Baffana da ke Jidda a lokacin ya dawo da su ya ba ta ajiya. A ciki tana yi masa magana da Hausa, ta zame zuwa Larabci idan faɗa ya zo, ta koma Hausa idan za ta lallashe shi, tana ba shi labarin wanda ya haihu da kuɗin sukari da rashin jin ƙannensa. Da muka kai wurin da ta fara maganar wata matsala ta cikin gida, Baba Alhaji ya zare abin sauraren daga kunnensa ya miƙo mini, ya ce shi allurar na'urar kawai zai riƙa kallo, ya juya kujerarsa. Ban roƙe shi ba, ban ma yi tunanin hakan ba sai da ya yi. Kaset na biyar waƙoƙin coci ne da harshen mutanenta na duwatsu, harshen da babu ko ɗaya daga cikinmu da ya iya, tana rerawa ita kaɗai, ana jin kukan kaji a bayanta. Ya tambaye ni ko in rage ƙarar shuu ɗin da ke ƙarƙashin sautin, ya nuna mini yadda ragewar take cinye kaifin muryar, na ce a bar shi yadda yake, ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan.

Matsalar ta zo ne daga ɓangaren hotuna, kuma a nan zan daɗe, domin abin da ya same mu zai sami wasu. Baba Alhaji da kansa ya ɗauki hotunan da sikana, a ma'auni mai yawan ɗigo yadda za a iya faɗaɗa ƙaramin hoto ba tare da ya dusashe ba, amma gyaran kwamfuta yaron shagonsa ne yake yi, saurayi mai ladabi da saurin hannu wanda bai wuce shekara ashirin ba. Hoton da muka zaɓa domin bango shi ne wanda aka ɗauke ta a bakin ajinta tana da kimanin shekara talatin, sanye da farin tob na malamai, wato lulluɓin matan Sudan, da ɗan ƙaramin gicciye na azurfa a wuyanta. Ranar da na je duba kwafin gwaji, yaron ya juyo mini da fuskar kwamfutar yana murmushi, yana jiran yabo. Matar da na gani kyakkyawa ce, amma ban san ta ba. Ya saka hoton a wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsofaffin hotuna, manhajar ta haska fatarta har ta koma kamar Balarabiyar arewa, ta toshe wushiryarta, ta sirance mata hanci, ta sa wa farin tob ɗin launin shuɗi, gicciyen kuma babu shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne da gangan ya cire. Na tambaye shi da kakkausar murya, ya rantse ya ce, “Wallahi Yaya, ban san akwai wani abu a wurin ba, na ɗauka tsagewar takarda ce.” Da muka buɗe na asali muka faɗaɗa, na ga gaskiyarsa: farin ɗigo ne mai layi biyu a kan baƙar fata, kusa da wani karce na gaske, kuma yaron bai kasance a shagon ba ranar da maigidansa ya tambaye ni addininta. Ya ga sunan gidanmu, ya ji Hausa a bakina, bai kawo wa ransa cewa kakata za ta iya rataya gicciye ba. Ban ɗora masa laifin mugunta ba, amma laifin shagon yana nan, domin abin da maigida ya sani ya kamata ya isa kunnen wanda zai taɓa hoton. Sauran ɓarnar kuwa ta manhajar ce, kuma ya kamata masu kai tsofaffin hotuna su fahimci yadda take aiki: ba ta tono abin da ya ɓace a hoto, cike gurbin take yi da abin da ta saba gani a fuskokin wasu mutane, kuma a bayyane yake cewa fuskokin da ta saba gani ba irin na matan Heiban ba ne. Da an buga wannan hoto an raba, jikokin da ba su san ta ba za su girma suna nuna wata baƙuwa suna cewa kakarsu ce.

Yadda Baba Alhaji ya ɗauki maganar ya rage mini zafi. Bai kare yaron ba, bai kuma wulaƙanta shi a gabana ba. Ya ce a goge duk hotunan da aka bi da su ta manhajar, guda goma sha tara, a koma kan na asali, kada a taɓa komai sai ƙura da karce da ke wajen fuska, kuma ya zauna kusa da shi har aka gama na bangon. Bai ƙara ko sisi a kan wannan ba. Duk da haka na lura cewa a jikin ƙofar shagon har yanzu akwai tallan wannan gyara, hoton tsoho kafin da bayan, kuma na ga mutane suna so, har wata mata ta nemi a ƙara wa mahaifinta haske a gabana. Saboda haka duk wanda zai kai hoto ya faɗa da bakinsa tun ranar farko cewa ba ya son gyaran manhaja, ya kuma nemi a ba shi fayil ɗin sikana na asali, in ba haka ba abin da aka saba yi wa kowa za a yi masa.

Rubutun ma ya zo da nasa rikicin, sai dai wannan ya fi kusa da dariya. Mun tsara littafin da harsuna biyu, Larabci ya fara daga bangon dama, Hausar boko ta fara daga bangon hagu, su haɗu a tsakiya inda hotuna suke, kuma shagon ya iya wannan tsari sosai, bai rikita lambobin shafi ba ko sau ɗaya. Amma da na tura rubutun Hausar, salon haruffan da ke kwamfutarsu bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, ya mayar da su ƙananan akwatuna, yaron kuma da yake Hausarsa ta baki ce bai taɓa karanta boko ba, sai ya maye gurbinsu da k da d da b ya ɗauka ya gyara. A shafin da wata tsohuwar ɗalibarta ta rubuta cewa Malama ba ta son ƙarya, kwafin gwaji ya ce Malama ba ta son karya. Gwaggona ta yi dariya har da hawaye, ta ce da tana raye da jan alƙalami ya ƙare a kan wannan shafi. Maganin bai yi wuya ba: na sauko musu da salon haruffa na Andika, wanda kyauta ne kuma yana ɗauke da haruffan Hausa masu lanƙwasa, na zauna da yaron yini guda muna bi layi-layi. Kafin yamma ya fara gane bambancin ƙasa da kasa da kansa, har ya kama guda biyu da suka wuce ni.

An yi mana alkawarin mako uku, aikin ya ɗauki biyar. Wani ɓangare na jinkirin gyare-gyaren nan ne, sauran kuma wuta ce, domin sola tana ɗaukar kwamfuta da sikana amma ba ta ɗaukar babbar na'urar bugu, sai an tayar da janareta, shi kuma sai ranar da aka sami mai. Ban ga laifinsu a rashin wuta ba, amma na ga laifinsu a rashin sanarwa, domin sau biyu na biya kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, na zo a ranar da aka ce in zo na tarar ba a taɓa komai ba, alhali lambar wayata tana rubuce a littafinsu. Wanda yake da ranar da ba ta ɗaguwa, kamar tamu, ya ƙara mako biyu a kan duk abin da aka faɗa masa.

Littafin da ya fito shafi talatin da biyu ne, kwafi ɗari da hamsin, da bango mai kauri da takardar ciki marar sheƙi, wadda Baba Alhaji ya ba da shawara a kanta saboda mai sheƙi tana mannewa idan ta sha laima, kuma mun riga mun ga abin da laima take yi. Baƙi da fari aka buga hotunan, sun fito da kyau, har ana iya karanta jadawalin sau bakwai da ke rubuce a allon da ke bayanta. Shafukan da aka ɗauko daga littafin shirin darasinta su ne suka fi burge ni, domin an bar su da launin tsufansu da jan gyaranta. Ɗinkin waya biyu ne a tsakiya, wanda ya isa ga littafi mai wannan kauri, ko da yake ina shakkar zai jure shekaru a hannun yara. Kwafi goma sha biyu an yanke gefensu a karkace, na nuna, aka sake buga takwas, takarda ta ƙare kafin a kai ga sauran huɗun, na karɓe su haka na ajiye mana a gida.

An yi addu'ar ranar Lahadi a cocin da rufinsa kwano ne, mu Musulmin gidan muka zauna a benci na baya, daga nan kowa ya taho gida aka ci abinci aka sha jabana, wato gahawar Sudan, a ƙarƙashin rumfa. Tsofaffin ɗalibanta da gudun hijira ya kawo Gadarif sun zo su fi ashirin, wasu da jikokinsu, kuma na ga ɗaya ta ɗora yatsa a kan wushiryar da ke hoton bango tana kiran sunanta. Da aka kunna kaset na biyar a lasifika, wata tsohuwa 'yar duwatsu da ba mu taɓa gani ba ta ɗauki amshin daga inda take zaune, ta bi waƙar har ƙarshe, daga baya ta fassara mana baitocin da Larabci, na rubuta a bayan kwafina. Yaron shagon ma ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya karɓi kwafi ɗaya ya buɗe ta bangon hagu.

Kaset na shida yana wurin Baba Alhaji har yanzu. Ƙaramin kaset ne na wata irin rakoda da ba a cika samu ba, tasa kuma robar da ke juya ta ta tsinke, ya aika a nemo masa a Fot Sudan. A jikin kaset ɗin Habboba ta rubuta kalma ɗaya da boko, “maigida”, da jan alƙalami. Ya ce in leƙo bayan an yanke riɗi.